Notin Ƙarƙashi

"Cire hannunka daga nan! Kunnawa na ce ka yi, ban ce ka murɗa ba."

Lasiman ya janye hannu da sauri. Shekara sittin da takwas gare shi, talatin da biyar daga ciki ya yi su yana tuƙa keken fasinja mai ƙafa uku a titunan birnin Semarang, har 'yan sanda sun san kaifin bakinsa, amma ga shi yau tsaye gaban akwatin rediyo ana daka masa tsawa kamar ɗan firamare. Mai tsawar kuwa, maƙwabcinsa Kasidi, yana kwance a gado, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, miyau na sauka kan tawul ɗin da aka ɗaura masa a wuya.

"To ai na kunna, Kang," in ji Lasiman, da kiran da ake yi wa babban wa. "Bai ce komai ba."

"Shi ba irinka ba ne da zai buɗe baki kafin ya yi tunani. Nemi wuri ka zauna. Minti goma sha biyar."

Lasiman ya zauna a bakin gado yana gunaguni. Ta ramukan murfin akwatin yana hango ƙananan kwalabe takwas sun fara ja a hankali, ɗakin ya ɗauki warin ƙura mai ɗumi. Abin ma ba rediyo ba ne irin wanda kowa ya sani. Akwati uku ne. Na farko aikinsa kama tasha kawai, na biyu ya ƙara wa muryar ƙarfi, na uku lasifika ce mai tsayin yaro ɗan shekara biyar. Na farkon shi ne ɗan lele. Kasidi ya saye shi hannun wani matuƙin jirgin ruwa tun yana da gashi a ka, ya yi shekara arba'in yana gyaran rediyon mutane a rumfarsa ta kasuwa, amma wannan bai taɓa barin hannun kowa ya sauka a kansa ba. Lasiman ya yi shekara talatin da ɗaya yana jin sa daga bencin da ke ƙarƙashin taga, da kofin shayinsa a hannu. Sau ɗaya ya taɓa miƙa yatsa zai share ƙura a gilashin, Kasidi ya yi kwana uku ba ya amsa masa gaisuwa. Sai da ciwo ya ƙwace hannun mutum sannan ya tuna maƙwabcinsa ma yana da hannu, kuma wannan abu yana ci wa Lasiman rai ko da bai faɗa ba.

"Yanzu tashi. Ka ga koren idon nan? Murɗa a hankali zuwa ƙarshen dama. A hankali na ce, ba birkin keke kake ja ba! In ka ga ido ya fara rufewa, tsaya."

Allurar ta bi ta kan manyan tashoshin gari, kowacce ta yi ihunta ta wuce. Can daf da ƙarshen gilashi, inda Lasiman ya zaci babu komai sai shuu, koren idon ya ɗan tsuke. Muryar wani dattijo ta fito, siririya amma tas, yana gaishe da manoman kabeji.

"Ita ce," in ji Kasidi. Ya lumshe ido. "Kashe, ka sake daga farko. Sai ka iya shi ko cikin barci."

Ranar Alhamis ce. Abin da suke wa shiri kuwa ranar Lahadi ne da ƙarfe huɗu na yamma.

Tashar 'yar ƙarama ce, can kan duwatsu, tafiyar awa biyu a mota, kuma ba a yi ta don mutanen birni ba. A duk lungun babu rediyon da ke kama ta sai na Kasidi, shi ma da taimakon eriyar da ya kafa bisa doguwar gora a kan rufi. Dattijon mai gaishe da manoma, Pak Harjito, yana gabatar da shirin tsofaffin waƙoƙi duk Lahadi. Makon da ya wuce ya bugo waya gidan mai unguwa ya bar saƙo: ya samo faifan nan da Kasidi ya yi shekara tara yana rubuto masa wasiƙa a kai. A cikin wani kwali ya gan shi, cikin tarkacen da suka gada daga wata tsohuwar tasha da ta rufe. Danshi ya ci zaren faifan, in an taɓa shi sai ya riƙa barin baƙin gari a yatsa. Na'urarsu ta kwafi ta mutu tun bara. Zai sa shi sau ɗaya, in Allah ya sa ya bi ta cikin inji bai tsinke ba, to shi ke nan.

Muryar da ke kan faifan ta Warsini ce, matar Kasidi, wadda ta rasu shekara tara da suka wuce. Sau ɗaya tak ta taɓa yin waƙa a rediyo, tana amarya, wasu masu kiɗan gargajiyar nan na keroncong a unguwa suka roƙe ta ta cike musu gurbi. Duk lungun ya ji ta a ranar, ban da mijinta. Kasidi yana rumfarsa, rediyo ashirin a gabansa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kashe don kishi, ya dawo gida ya ce mata in ta sake zuwa kada ta dawo. Ba ta sake zuwa ba. Ba ta kuma sake ɗaga murya a gabansa ba, sai dai wajen wanki in ya fita. Ta mutu ba ta bar ko kaset ba. Mutum ne shi da bai iya cewa ya yi kuskure ba, don haka wasiƙu ya riƙa rubutawa. Likita ya ce in aka ce za a kai shi tashar, hanyar dutsen nan za ta ƙarasa shi kafin su kai rabi, shi kuma ya ce ko da lafiyarsa ƙalau ba zai je ba, a rediyonsa zai ji ta.

Ranar Juma'a ɗansa Gunadi ya iso daga Jakarta da jakar tufafi da ledar lemo. Mutum ne ɗan shekara arba'in da biyar, shugaban makanikai a wani garejin manyan motoci, yara goma sha biyu suna aiki a ƙarƙashinsa. Amma yana shiga ɗakin ubansa sai ya ƙanƙance. Ya durƙusa ya sumbaci hannun da ya shanye.

"Ka yi ƙiba," in ji Kasidi.

"Yaya jikin, Bapak?"

"Ga shi kana gani. Kada ka ajiye jakar nan kusa da waya."

Gaisuwar ke nan. Gunadi ya ɗauke jaka, ya fita ya gyara famfon da ke ɗiga, ya canza ƙyauren banɗaki, ya ɗaure ƙafar gadon da ke ƙara. Lasiman na kallonsa daga benci, ya gane yaron nema yake a ce masa sannu, ya kuma san ba za a ce ba.

Ranar Asabar Lasiman da matarsa Ponirah suka tafi ɗaurin auren jikar yayarta a Demak. Bai so zuwa ba, Ponirah ta ce in bai je ba kada ya sa ran danginta a jana'izarsa. Sun dawo a gajiye bayan magariba, bai leƙa maƙwabta ba.

Lahadi bayan azahar ya shiga da sallama, ya tsaya turus. Akwatin na ƙyalli. Gilashin ya yi fes, maɓallan tagulla sun fito kamar sababbi, ko warin ƙurar nan babu. Gunadi na tsaye bakin ƙofa, hannu a baya, yana ɓoye murmushi.

"Jiya da Bapak ya sha magani ya yi barci na fita da shi tsakar gida," in ji shi. "Don ya ji Ibu a cikin abu mai tsabta." Ibu yake kiran mahaifiyarsa.

Kasidi yana zaune a gado. An jingina shi da matashi biyu, an sa masa rigar batik ɗin da yake zuwa biki da ita, shi ya ce a sa masa. Ya daɗe yana kallon akwatin.

"Kunna," ya ce wa Lasiman.

Suka jira mintin nan goma sha biyar. Lasiman ya murɗa. Shuu. Ya kai allura ƙarshen dama ya dawo da ita ƙarshen hagu. Babu tashar dutse, babu ma manyan tashoshin gari da ko rediyon aljihu ke kamawa. Koren idon na buɗe wangale.

"Le," in ji Kasidi, da sunan da yake kiran ɗan tun yana yaro. Muryar a kwance take, abin da ya fi tsawa ban tsoro. "Ka buɗe murfin?"

"Don in hure ƙura kawai, Bapak."

"Sai me?"

"Sai... na ga notuna sun kwance. A saman 'yan gwangwanayen nan. Kusan dukansu, ko ɗaya babu wanda ya kai ƙarshe. Na ce ikon Allah ne ma da bai watse ba. Sai na ɗaure su."

"Jan ɗigon da ke jikin kowanne fa?"

"Na goge. Na zaci datti ne."

Lasiman bai san komai a harkar ba, amma ya ga yadda lafiyayyen ɓarin fuskar Kasidi ya koma kamar ɗaya ɓarin.

"Notunan nan ba kwancewa suka yi ba," in ji tsohon. "Ajiye su aka yi a inda suke. Kowanne yana da wurinsa, rabin juyi ya yi yawa, kwata ya yi kaɗan. Da kunnena na saita su, shekara ashirin da shida ke nan, na ɗiga wa kowanne jan farcen uwarka don in san wurin. Kai kuma ka zo da hannun ɗaure tayar tirela." Ya tsaya ya haɗiyi miyau da ƙyar. "Tun kana shekara goma na gaya maka kada ka taɓa shi. Na dake ka a kai. Ashe ban dake ka da kyau ba. Yara goma sha biyu a ƙarƙashinka! Allah ya ji ƙan fasinjojin motocinku."

Ponirah ta shigo da kwanon kunun shinkafa daidai lokacin, da wasu mata biyu na lungun a bayanta, duk sun ji. Kunnuwan Gunadi suka yi ja. Kansa na ƙasa, yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Kang, ya isa," in ji Lasiman. "Alheri ya nufa."

"Kai yi min shiru. Le, ɗago ka dube ni. Faranti na ƙasa, ka cire shi? Akwai noti ɗaya a ƙarƙashi, kusa da inda wayar eriya ke shiga. Ka taɓa shi?"

Gunadi ya ɗago. Ya dubi ubansa, ya dubi matan da ke bakin ƙofa.

"A'a, Bapak."

"Ka tabbata?"

"Ban taɓa ƙasa ba."

"To Allah ya taimake ka. Fita min. Lasiman, ƙarfe nawa?"

"Biyu da minti goma."

"Ɗauko gwangwanin da ke ƙarƙashin gado."

A cikin gwangwanin akwai tsinkayen tsire na gora, an feƙe bakinsu sun yi faɗi kamar bakin sukudireba. Kasidi ya ce ƙarfe ba ya shiga wurin, da ya kusanta yake rikita saitin. Ya sa Lasiman ya jawo teburin daf da gado, ya cire murfi, ya sa hannunsa na hagu a aljihu.

"Kada ka fito da shi ko da sauro ya cije ka. Wutar da ke cikin nan in ta bi ta hannu biyu, zuciya take ratsawa. Ba na son a binne ka kafin ni, mutane su ce ni na kashe ka."

"Da ma ai ka daɗe kana nema."

"Gwangwani na ƙarshe, na kusa da kai. Kwance shi juyi biyu da rabi. Hagu. Hagunka, jaki, ba nawa ba."

Haka suka kama. Yatsun Lasiman kauri gare su, duk kanta, an yi su ne don riƙe kan keke, tsinken kuma sai zamewa yake. Zafin kwalaben na dukan fuskarsa, zufa na ɗiga daga haɓarsa, ba damar sharewa. Kasidi ya rufe ido ya karkata lafiyayyen kunnensa, yana sauraron shuu ɗin nan kamar mai sauraron magana. Shi a wurinsa shuu iri-iri ne. "Ƙara kaɗan. Tsaya. Koma. Ka wuce shi, koma na ce!" Wani lokaci maganar ta sarƙe a karkataccen bakin, sai ya bugi katifa da hannun hagu don haushi. Ponirah ta zo da kunu sau biyu, ya kore ta sau biyu.

Ƙarfe uku saura kwata wata murya ta ɓullo daga cikin shuu, can nesa, mai tallar sabulu. Uku da kwata tallar ta cika ɗaki, sai da aka rage ƙara. Manyan tashoshin gari suka dawo ɗaya bayan ɗaya, koren ido na rufewa a kan kowacce. Lasiman ya yi dariya da ƙarfi, ya ji wani alfahari da bai taɓa ji ba tun ranar da ya hau tudun Gombel da fasinja biyu bai sauka ya tura ba.

"Ka ga hannu, Kang? Shekara talatin ka hana shi aiki."

"Rufe baki ka kai allura dama."

Ya kai. Shuu. Idon bai ko motsa ba.

Suka sake bin notunan sama daga farko, ɗaya bayan ɗaya. Kasidi ya ce a duba wayar eriya, aka duba. Ya ce a hau rufi a ga ko iska ta juya gorar. Gunadi, wanda ke zaune a kan benci waje tun ɗazu, ya miƙe kafin a rufe baki, ya hau, ya juya ta dama, ya juya ta hagu, Lasiman na yi masa ihu ta taga. Babu abin da ya canza.

"Abin nan kamar na ƙarƙashin ne," in ji Kasidi, shi da kansa yake magana. "Manya na shiga, ƙarama ba ta shiga. Kamar shi ne."

"To mu kifa shi mu duba mana."

"Ya ce bai taɓa ba. In ka taɓa wanda ke daidai ka ɓata shi, mun rasa duka. Ba lokacin. Koma gwangwani na biyu."

Lasiman ya ɗaga kai ya ga ƙafafun Gunadi a kan tsani, daidai taga. Sun tsaya cak a matakala ɗaya. Ya zaci yaron zai ce wani abu. Sai ƙafafun suka ci gaba da sauka.

Aka kira la'asar, babu wanda ya tashi. Mutanen lungu sun taru a ƙarƙashin taga, tsofaffin da suka ji ta a wancan karon da matasan da suka ji labari. Agogon bango ya buga huɗu. Lasiman bai daina murɗawa ba, tsinke ɗaya ya karye ya ɗauki wani. Huɗu da minti goma wata muryar mace ta ɗan gifta cikin shuu.

"Kang! Ga ta! Wallahi ita ce!"

Kasidi ya saurara na ɗan lokaci.

"Maƙaryaci," ya ce a hankali. "Wannan tashar gari ce ke yoyo ta gefe. Maganin basur take talla."

Huɗu da rabi ya ce a kashe. Lasiman ya kashe, ya ciro hannunsa daga aljihu, ya ga ya yi sanyi ya sandare. Mutanen waje suka watse babu sallama. Jim kaɗan ɗan mai unguwa ya leƙo ya ce Pak Harjito ya bugo, yana murna: faifan ya bi inji daga farko har ƙarshe, minti huɗu cur, yana ƙarewa zaren ya zube a hannunsa. Manoma har sun fara bugo waya suna tambayar wace ce. Yana so ya san ko Pak Kasidi ya ji daɗi.

"Ka ce masa na gode," in ji Kasidi.

Da ɗakin ya rage su biyu, ya ce a cire masa rigar batik ɗin. Lasiman ya cire masa, ya maida masa singileti. Tsohon ya daɗe yana kallon silin.

"Kai ka ji ta a wancan karon."

"Na ji. A rumfar mai shayin bakin gada. Na ajiye fasinja a rana na tsaya."

"Yaya take?"

Lasiman ya so ya ce masa ai shekara ashirin da wani abu tana bayan bangonka, ni ina jin ta wajen wanki, kai ka hana kanka. Maganar ta zo har bakinsa, kuma da gaskiyarsa. Ya haɗiye ta.

"Ta fara a tsorace," ya ce. "Kana jin numfashinta. Sai a baiti na biyu ta manta da mutane, ta saki murya. Mai shayi ya bar ruwa na zuba a ƙasa. Da ta gama sai ta yi 'yar dariya, ta zaci an kashe na'ura."

"Dariya ta yi?"

"'Yar kaɗan."

Kasidi ya juya fuska bango.

Litinin bai karɓi kunu ba, ruwa kawai Ponirah ta riƙa ɗiga masa da cokali. Gunadi ya zauna a ƙasa kusa da gado yini guda yana matsa masa ƙafa, uban bai janye ƙafar ba, bai kuma dube shi ba. Talata da hantsi, lokacin da mai kayan miya ke wucewa da kekensa yana kiran mata, numfashin ya canza. Lasiman ya riƙe masa hannun hagu yana laƙƙana masa shahada a kunne. Kafin mai kayan miyan ya kai ƙarshen lungu an gama. Aka kafa rumfar tamfol a ƙofar gida, aka kawo kujerun roba daga masallaci, aka binne shi bayan azahar kusa da Warsini.

Lasiman bai yi kuka ba. Haushi yake ji, haushin mamacin da taurin kansa, haushin bikin Demak, haushin hannunsa da ya zaci shi ne ya kasa. Kwana uku yana kwana yana tashi da lissafin juyi a ka, ko a gwangwani na biyu ya wuce wuri, ko a na uku.

Washegarin addu'ar uku, da yamma, ya shiga gidan don ya maido da fitilar da suka ara. Ya tarar da Gunadi a ɗakin, ya naɗe katifa ya jingina ta da bango, yana tsaye gaban akwatin da murfinsa har yanzu a buɗe.

"Lik," wato kawu, in ji Gunadi, bai juyo ba. "Na taɓa shi."

"Me ka taɓa?"

"Na ƙarƙashin. Na cire farantin, na ga shi ma a kwance, na ɗaure shi. Shi na fara ɗaurewa ma."

Lasiman ya ajiye fitilar a ƙasa a hankali, don ya ji in ya ci gaba da riƙe ta zai yi abin da bai dace ba da ita.

"Ya tambaye ka. Sau biyu."

"Matan nan na tsaye. Na ce in na ce e zai... Na ce ai ɗaya ne kawai, ba zai yi komai ba. Da na ji yana cewa kamar shi ne, ina kan tsani, na buɗe baki, Lik, wallahi na buɗe baki."

"Na ga ƙafafunka."

Gunadi ya durƙushe a wurin, ƙaton mutum, ya rufe fuska da hannuwa. Lasiman ya tsaya yana kallonsa, bai ji tausayinsa ba, bai kuma iya zaginsa ba, don ya san wanda ya koya wa yaron tsoron nan, kuma an riga an binne shi.

"Tashi ka kama min," ya ce.

Suka kifa akwatin a gefensa, Gunadi ya cire farantin. Ga notin nan, ɗan mitsitsi, bai kai ƙwayar masara ba, an ɗaure shi tam har ƙarshe. Lasiman ya kunna, ya kai allura ƙarshen dama. Gunadi ya miƙo hannu zai ɗauki tsinke.

"Minti goma sha biyar," in ji Lasiman.

Suka jira. Sannan ya sa hannun hagu a aljihu, ya zura tsinken, ya kwance. Juyi ɗaya, shuu ɗin ya yi laushi. Da rabi, muryar Pak Harjito ta shigo ɗakin, tas, kamar yana zaune tare da su. Duk aikin bai ci minti ɗaya ba.

Dattijon yana karanta sanarwa ne. Ana sa ran ruwa da yamma a gefen dutse, masu shanya taba su kwashe. Wata akuya mai baƙin kunne ta ɓata a ƙauyen sama, wanda ya gan ta ya taimaka.

"Kashe shi, Lik," in ji Gunadi. "Don Allah kashe shi."

Lasiman bai kashe ba. Ya zauna a kan katakon gadon da babu katifa, tsinken na hannunsa. A waje maza biyu na sauke tamfol, sun kama bakinsa suna ninkewa, ɗaya ya matso, ɗayan ya ja baya, ruwan da ya kwanta a kai yana tsiyaya cikin kwata.